Na Je Kwatano, Ba a Sa Hannu Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. A gidan suna, a islamiyya, har a layin injin niƙa, tambayar ɗaya ce: "Hajara, yaya ƙasar take? Wai da gaske ne kin zubar wa yaronki da abinci?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ta ɗauka ta ƙara masa nata gishirin. To ga shi na zauna na rubuta. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Wadda kuma ta riga ta yanke mini hukunci, ita ma ta karanta, amma kada ta jira ban haƙuri a ƙarshe, babu shi.

Yaron da ake magana ɗana ne na fari, don haka ba za ku ga sunansa a nan ba. Kun san mu, ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma kallonsa a gaban mutane, ba ma nuna ya dame mu. Gola ne, mai tsaron raga. Ya faro daga filin firamaren ƙauyenmu, gabas da Zakirai, ya shiga Kano, daga can wani kulob na Kwatano ya ɗauke shi. Ba zan ɓoye ba, a shekarun nan da buhun taki ya zama abin kallo, masara ta fi ƙarfin wanda ya noma ta, abin da yake aikowa shi ya riƙe tukunyar gidanmu.

Sai kwantiraginsa ya zo gangara, saura 'yan watanni. Ƙanena Ɗanlami, tela ne a Zakirai, ya fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Turai a kan sunayen 'ya'yana, shi ya fassara mini abin.

"Yaya, ki ɗauka ɗan ƙodago ne ya yi alkawarin noma wa mutum damina guda. In damina ta wuce ya zama ɗan kansa, gonar da ta fi biya can zai nufa, ba mai karɓar ko sisi a kansa. Amma in ya sake sa hannu kafin ta wuce, ya zama nasu, su za su sayar da shi su ci riba."

Na ce, "Sayarwa? Ɗan mutum?"

"Haka ake faɗa, Yaya, kada ki tayar mana da hankali."

Ashe yaron yana da tasa dabarar. Duk lokacin da mai kulob ɗin ya turo masa takarda, sai ya durƙusa ya ce shi ba ya sa hannu sai ya ji daga iyayensa, ga shi kuma suna ƙauye, wai babu sabis. Da haka ya yi ta jan su, wata na bin wata. Mai kulob ɗin, wanda suke kira Farzidan, ya gaji, ya aiko da kuɗin mota ya ce to a kawo masa iyayen. Malam, maigidana, ƙafarsa ta kumbura, ga gero ya isa yanka. Ya ce, "Ki tafi ke da Ɗanlami. Abin da idonki ya gani, na gani. Abin da bakinki ya faɗa, na faɗa."

Muka hau babbar motar Legas a Sabon Gari. Na ɗaure wa yaron kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, don na san abin da yake kewa. Ba mu wuce Kwanar Ɗangora ba matar da ke gefena ta fara jan hanci.

"Baiwar Allah, wa ya mutu a jakarki?"

Na ce daddawa ce. Ta ɗaga hannu sama. Sunanta Hajiya Yagana, 'yar asalin Barno ce mazauniyar Rijiyar Zaki, turaren wuta da humra take kai wa Kwatano. Ta ce in kayanta suka ɗauki warin nan, ni zan saye su duka in turara miya da su. Muka yi ta cacar baki har Zariya, a nan na miƙa mata ƙuli-ƙuli, ta miƙo mini dabino, shi ke nan muka ƙulle. Da asuba direba ya ƙi tsayawa salla, wai hanya ba kyau. Hajiya Yagana ta tashi ta dinga dukan ƙofarsa da takalmi tana yi masa Barbarci, har sai da ya gangara gefen wani gidan mai. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na tabbata ba addu'a take masa ba.

Legas ba zan ce muku komai a kanta ba, don ban gan ta ba, ƙeyar mutane na gani da bayan motoci. Daga nan muka shiga ƙaramar mota zuwa boda. Hanyar Badagiri shinge ne a kan shinge, kafin ka gyara zama an sake tsayar da ku. Ɗanlami kuwa ya ɗinka wa kansa kwat, ya sa baƙin gilashi, wai don a san dillalin 'yan wasa ne ya iso. Duk shingen da muka zo, ba a kallon kowa sai shi. "Oga, sauko." Ya sauka, a zazzage masa jaka, ya dawo yana gumi. Da abin ya ishi Hajiya Yagana ta ce, "Kai ɗan nan, cire rigar angon nan ka zauna a kanta, kai kake ja mana!" Yana cirewa aka daina ganinsa. Ya yi fushi har Seme.

A bodar ma an buɗe ƙullin daddawata. Jami'in ɓangarenmu ya toshe hanci ya ce mene ne wannan. Na ɓangarensu ya shinshina ya yi dariya, ya kira wani suna da yarensu, ashe su ma suna da irinta. Ya ce in ɗan gutsura masa ya kai wa matarsa. Na gutsura. Ita ce kaɗai cin hancin da na bayar da hannuna, Allah ya yafe mini.

Kwatano gari ne na babur. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, kamar an watsa ƙwai a titi. Mata ma tuƙi suke, za ki ga uwa da goyo a baya, kwando a gaba, tana tafe abinta ba mai waiwayenta. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin hanya kamar man gyaɗa. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Da rana tsaka kuma sai ofisoshi su rufe, wai an tafi hutawa. Na ce da a Zakirai ne da an ce garin ya yi rashi.

Hajiya Yagana ta kwatanta mana masaukinta a Zango, unguwar Hausawa, muka rabu. Mu kuwa otal aka kai mu, ɗaki mai sanyi kamar randa. Ba buta a banɗakin, sai da na yanke robar ruwa. Na tambayi yarinyar da ke shara ina gabas, ta nuna mini inda ake cin abinci.

A falon otal ɗin aka kawo mini yaron. Farzidan ne a gaba, ƙato mai zobba a yatsu. Dillalin motoci ne, ya daɗe yana ciniki da mutanen Kano, don haka yana jin Hausa, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Matarsa, Madam, ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu biyu kafin in ankara. Sai ga yaron ya shigo. Ya rame. Ya zube a ƙasa ya ce, "Inna, sannu da hanya."

Ku da kuka haifa kun san abin da ƙirjina ya yi. Amma na kau da kai na dubi labule na ce, "Lafiya." Na juya ga ƙanena: "Ɗanlami, ka tambaye shi ko yana cin abinci."

Na ga Madam ta dubi mijinta. Ita nata ɗan farin yana zaune a hannun kujerarta, saurayi da gemunsa, tana shafa masa kai tana kiran sunansa gatsau. Ni abin ya ba ni kunya, ita kuma ashe nawa ne ya ba ta tsoro.

Da la'asar ta yi, yaron ya ja Ɗanlami salla a barandar ɗakina. Ina bayansu. Da ya zo kabbara, hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Na ce ko mantuwa ce. Da aka idar ya ɗaga hannu addu'a, na daman ya kasa tashi daga cinya.

Washegari aka kai ni kallon wasa, karo na farko a rayuwata. Ganguna, bushe-bushe, wani ya shafa fenti har ciki. Aka zaunar da ni kusa da Farzidan. Jama'a na kiran yaron da "Kano! Kano!" Can aka buga wata ƙwallo, ya tashi sama kamar an jefa shi, ya ture ta, ya faɗo a kan kafaɗar nan ta dama. Ya daɗe bai tashi ba. Madam ta yi ƙara ta dafe ƙirji. Ni carbina yana cikin hijabi, na matse shi har zaren ya tsinke, 'ya'yan suka zube mini a cinya. Amma fuskata ba ta motsa ba. Haka aka rene mu. Ina jin idon Farzidan a kaina.

Kwana ya kewayo, aka gayyace mu cin abinci gidansa. An kawo wani abu kamar kafa mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da jajjagen barkono mai sa kunne ƙaiƙayi. Naman ban taɓa ba, don ban san wa ya yanka ba. Da aka gama, ya tura Ɗanlami da yaron su je su ga motocinsa, ya jawo kujera kusa da ni.

"Mama, ni na gani. Kai ma ka gaji da wannan yaro."

Ya ƙara matsowa.

"Ba ka duba shi. Ba ka kira sunanta. Jiya ya faɗi, matata ya yi kuka, kai ko ido. Na ce yawwa, wannan Mama ya san yaro mai taurin kai ne. To mu yi magana ta manya."

Ya ce likita ya duba kafaɗar, ya ce sai an huta da ita wata da watanni, in ba haka ba za ta lalace gaba ɗaya. Su kuwa ba su da wani golan, don haka kafin kowane wasa allura ake yi masa ya daina jin zafi. Ya ce akwai Larabawa da ke zuwa kallonsa. In ya sa hannu yanzu na shekaru, za a ci gaba da allurar har su saya.

"Mama, ni mota nake sayarwa. Mota in ya fara hayaƙi, ba ka jira. Ka wanke shi, ka sayar da wuri. In ya mutu a hannun mai saye, ba ruwanka. Kai ka samu, ni na samu. Zan sa kwano a gidanka. Zan biya maka Makka bana."

'Yan uwa, ba zan yi muku ƙarya ba, da ya ambaci Makka sai da zuciyata ta yi tsalle. Wace ce a cikinmu ba ta kwana da wannan burin? Ga ɗakina yana yoyo tun bara. Amma mutumin nan yana zaune yana kwatanta abin da na haifa da mota mai hayaƙi, a gabana, don ya ɗauka ba na son sa. Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Shi kuma ya ɗauka amincewa ce, ya tafa hannu, Madam ta kawo mini atamfa mai tsada ta ɗora mini a cinya.

Da muka koma otal na zayyana wa Ɗanlami komai. Ya zauna a bakin gado, sai telan cikinsa ya motsa.

"Yaya, to mu tsuga musu kuɗi. Mu ce Maroko na nemansa. Haka manyan 'yan wasa suke yi, sai ka nuna kana da wani mai so."

"Ko sun ninka, da allurar za su ci gaba?"

"Za su ci gaba."

"To ba ciniki."

"Ki tsaya ki ji. In ya ƙi, benci za su ajiye shi. Ba mai ganinsa, Larabawan su tafi. Albashi ma sai sun ga dama. Kwantiragi ya ƙare ya fito ba kowa a ƙofa. Kin san me ke cikin rumbunku."

Na sani sarai. Na ce ya kira yaron. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ni ina fuskantar taga. Na ce, "Ɗanlami, tambaye shi me yake so." Ya ce duk abin da Inna ta ce. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ka ce masa ba ni nake faɗuwa a kan kafaɗar ba. Ya buɗe baki ya yi magana." Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, shi ba ya son sa hannun, ko riga da ƙyar yake sawa da safe. Abin da ya hana shi faɗa, yana tsoron ranar da za a ɗora tukunya a gida ba abin zubawa. Na ce, "Ka ce masa kafin a haife shi ma muna cin tuwo."

Ranar sa hannu an cika ofis. Ga mai hoto, ga koci, ga sabuwar riga an shimfiɗa a tebur, ga biro a kan takarda. Ɗanlami ya mayar da kwat ɗinsa. Bai haƙura da dabararsa ba, ashe ya shirya da matarsa ta kira shi a daidai lokacin. Waya ta yi ƙara, ya miƙe yana cewa, "Wi, wi, Maroko?" Sai ga muryar matar tasa, Sa'ade, ta cika ɗakin: "Ka ce in kira na kira. Mai shaddar nan ya zo har sau biyu, ya ce in ba ka gama ba ka ba shi yadinsa." Farzidan ya yi dariya har da buga tebur. Ɗanlami ya zauna a hankali.

Farzidan ya tura biro gaban yaron, ya dube ni. "Mama, faɗa masa."

Na miƙe. Na ajiye atamfar a kan takardar, na ɗora mabuɗin otal a kanta. Na ce, "Ɗanlami, ka ce wa wancan ya tashi mu tafi."

Yaron ya miƙe.

Farzidan ya ce, "Mama, me ya faru? Jiya mun gama magana!"

Na ce, "Kai ka yi magana, ni saurare na yi. Ka koyi Hausar sayar da mota, ba ka shiga gidan Bahaushe ba. Wanda ka ga ba na kalla, ba na kiran sunansa, shi ne na fari. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Da ka tambayi ko mai gadin Zango da ya gaya maka. Ka zaunar da uwa ka ce mata za ka wanke ɗanta ka sayar kafin ya mutu."

Fuskarsa ta canza. Ya fara da Faransanci, ya dawo Hausa. Ya ce ya ciyar da ni, ya kwantar da ni a otal. Na ce Allah ya saka, abincin ya yi daɗi ban da barkonon. Ya ce babu Makka. Na ce Allah mai ɗakin in ya kira ni zan je, ba ta kafaɗar wani ba. Sai ya buga tebur ya nuna yaron.

"Wallahi ba zai ƙara taɓa ƙwallo a nan ba! Benci zai zauna har kwantiragi ya ƙare!"

Na ce, "Alhamdu lillahi. Abin da likitanka ya ce a yi ke nan."

Kocin ya sunkuyar da kai yana tari. Da muka zo fita, Madam ce ta buɗe mana ƙofa, ta matse hannuna.

Muka kwashe kayanmu muka nufi Zango. Hajiya Yagana ta ji labari ta yi guɗa a tsakar gidan mutane, ta ce da tana nan da ta ƙara masa da takalmi. A tabarma na kwana, cikin sauro da ƙamshin humra, na ci tuwon masara da miyar kukar da na zo da ita, yaron ya ci har ya side kwano. Kuɗin komawa da aka yi mana alkawari ba mu ƙara jin labarinsa ba. 'Yan kunnena na aure na cire, Hajiya ta kai ni wurin wani maƙerin zinariya, da su muka dawo. A tasha yaron ya tsuguna ta jikin taga yana yi mana addu'ar hanya. Na ce Ɗanlami ya ce masa ya riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. Sai da mota ta tashi na waiwaya.

Da na gaya wa Malam, ya dubi ƙafarsa ya ce, "To. Sai mu rage cokali." Mun kuwa rage. Farzidan ya cika alkawarinsa, benci yaron ya zauna, albashi ya fara latti, daga baya ya ɗauke ɗif. Mun sayar da tunkiya. Akwai ranakun da sau ɗaya aka ɗora tukunya a gidan nan, kuma wasunku sun sani, don a wurinku na ari gari. Ɗakina har yau yana yoyo.

Yanzu kwantiragin ya ƙare. Yana gida, yana shiga Kano ganin likitan ƙashi, an ce kafaɗar tana haɗewa. Ba wanda ya ɗauke shi tukuna. Mai yiwuwa a ɗauke shi, mai yiwuwa ya ƙare a gonar ubansa, ilimin wannan yana wurin Allah. Masu cewa na zubar masa da abinci, ku ci gaba. In gobe aka sake kirana Kwatano, motar farko zan hau in sake faɗar abin da na faɗa.

Shekaranjiya ina tankaɗe a tsakar gida, shi yana zaure, wayarsa ta yi ƙara. Wani ne daga wani kulob, ina jin muryarsa sama-sama yana ta zuba, wai a zo gobe-gobe a sa hannu. Na tsayar da rariya. Sai na ji yaron ya ce, a natse, "Ba sauri nake ba, ranka ya daɗe. Ku faɗi naku, likitana ya faɗi nasa, sannan in faɗi nawa."

Garin da ke gabana bai fi na tuwon dare ba. Na ci gaba da tankaɗena.

Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya rufa mana asiri da 'ya'yanmu, na fari da na ƙarshe.